Jirgin yaƙi na takarda: yadda nake gina Hermione daga zanen ainihi

Hanya biyu ce ga mai son gina jirgin ruwa da takarda. Ta farko, ka sayi littafin da wani ya riga ya zana, kowane yanki da lambarsa da launinsa, kai naka yanka da mannawa. Mutanen Poland da Jamus sun yi nisa a wannan fage: mujallar Mały Modelarz ta fara fitowa a Poland a 1957, kamfanin Schreiber kuwa na garin Esslingen a Jamus, wanda aka kafa a 1831, tun ƙarni na 19 ya fara buga takardun yanka-ka-manna. Ba na raina wannan hanya, da ita na koyi riƙe aska. Sai dai duk wata shawara mai wuya an riga an yanke maka ita tun kafin ka buɗe littafin, ba ka ma san an yi ta ba. Hanya ta biyu ita ce ka nemo zanen jirgin na ainihi, ka zauna ka fitar da kowane yanki da hannunka. Ita nake bi yanzu, kuma ita ta nuna mini cewa takarda tana tilasta wa mutum ya yi tunani irin na kafintocin jirgi na shekara ɗari biyu da suka wuce, ko yana so ko ba ya so.

Jirgin da na zaɓa sunansa Hermione, na rundunar ruwan Faransa. An gina shi a Rochefort, a bakin kogin Charente, aka saka shi a ruwa a 1779. Firiget ne, wato jirgin yaƙi mai jerin igogi ɗaya, wanda aka fi dogara da saurinsa wajen leƙen asiri da kai saƙo da rakiyar jiragen fatake. Igwa 26 ke babban daɓensa, 13 kowane gefe, masu harba dunƙulen ƙarfe na fam 12, kusan kilo 6 ke nan, sai wasu ƙanana a sama. Abin da ya fito da sunansa shi ne tafiyar 1780, lokacin da ya ɗauki Lafayette, wani hafsan soja Bafaranshe, zuwa Amurka da albishir ga George Washington, shugaban sojojin Amurkawa, cewa Faransa za ta aiko da sojoji da jirage su taya Amurkawa yaƙar Ingila. A ƙarshen watan Afrilu ya isa Boston. Bai yi tsawon rai ba, a 1793 ya hau kan duwatsu kusa da Le Croisic, a gaɓar Faransa, ya nutse.

Da yawa sukan ce me ya hana ni yin Victory, jirgin Nelson, kwamandan ruwan Ingila, na yaƙin Trafalgar a 1805, tunda shi kowa ya sani. Amsata ita ce igwa 104 a hawa uku. Kowace igwa sai an naɗe ta, an yi mata keke da ƙafa huɗu, an yanka mata taga. Wanda ya fara da Victory yawanci a hawa na biyu yake ajiye aska, jirgin ya ƙare a saman kabad yana shan ƙura. Firiget tana da duk abin da babban jirgi ke da shi, jigo uku masu riƙe filafilai, igogi, adon goshi da na ƙeya, amma da adadin da mutum zai iya ganin ƙarshensa.

Zanen Hermione na asali bai iso gare mu ba. Abin da ya cece mu shi ne wata ɗabi'a ta Ingilishi: idan suka kama jirgin abokan gaba, sukan shigar da shi ma'aikata su auna shi ciki da waje su zana. A 1783 suka kama Concorde, wanda aka gina da fasali ɗaya da Hermione a Rochefort ɗin nan, suka yi masa haka, zanen kuma yana ajiye a gidan tarihin jiragen ruwa na Greenwich, a Landan. Da shi Faransawa suka dogara da suka tashi sake gina Hermione da katako a 1997, aikin da ya ci itacen oak wajen 2,000, aka saka shi a ruwa a 2012, ya ƙetara zuwa Amurka a 2015. Hotunan wannan sabon jirgi sun cika intanet, suna kuma da amfani ƙwarai wajen ganin yadda igiya ke bi da yadda katako ke haɗuwa. Amma a kula, jirgin zamani ne mai inji da kayan kariya da dokar yau ta tilasta. Duk inda hoto da tsohon zane suka saɓa, ni tsohon zane nake bi.

Ma'aunina 1 bisa 96 ne. Lambar ba daga sama ta faɗo ba: Ingilishi sukan yi zanensu da kwatan inci a madadin ƙafa ɗaya, wato 1 bisa 48, ni kuma na raba girman zanen biyu. Gangar jikin Hermione ta ɗan haura mita 44, faɗinta mita 11 da 'yan kai, saboda haka nawa ya tashi santimita 46 a tsawo, kusan 12 a faɗi. Matuƙin jirgi mai matsakaicin tsayi zai zama milimita 18. Lissafin da ya fi waɗannan muhimmanci shi ne na kauri, kuma shi aka fi mantawa. Takardar firinta mai giram 80 kaurinta kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, a jikin jirgina ta zama katako mai kaurin santimita ɗaya. Mai giram 160 ta zama santimita biyu. Kwali mai milimita ɗaya kuwa gungume ne na kusan santimita goma. Na rubuta wannan a ɗan kati na manna a gaban teburina, kafin in zaɓi takardar kowane yanki sai na dube shi.

Zanen jirgi kashi uku ne: ganin gefe, ganin sama, da ganin gaba da baya a haɗe, inda rabin dama ke nuna goshi, rabin hagu ke nuna ƙeya. Wannan na ukun ne ma'adinin. Kowane lanƙwasasshen layi a cikinsa yana nuna siffar jirgin da a ce an datse shi a wannan wuri. Na shigar da hoton zanen cikin manhajar zane ta Inkscape, na bi kowane layi, na juya shi ya ba ni ɗaya rabin, sai ga haƙarƙarin jirgi ɗaya bayan ɗaya. Abu guda da ya kamata a sani: layukan irin wannan zane suna nuna bayan haƙarƙari ne kafin a buga falanki. Idan za ka sa fata biyu, wato rufin takarda hawa biyu a kan haƙarƙarin, kamar yadda nake yi, sai ka zabge kaurin ta farko daga kowane haƙarƙari, in ba haka ba jirgin ya yi ƙiba. Daga nan aikin kwali ne: ƙashin baya mai milimita biyu, haƙarƙari su shiga cikinsa ta tsaga, daɓe ya hau ya ɗaure su. Farin gam na kafintoci ruwa ne a cikinsa, yana sa kwali ya karkace, don haka duk abin da na manna sai ya kwana ƙarƙashin littattafai masu nauyi. Wannan mataki ba shi da wata dabara sai ta miƙe layi.

Inda aikin yake shi ne fata.

Ɗauki takarda ka naɗe gwangwani da ita, za ta kwanta lafiya lau. Ɗauki wata ka naɗe ƙwallo, ko ka shekara kana lallashi sai ta tattare ko ta yage. Takarda tana yarda ta lanƙwasa ta fuska ɗaya, ba ta yarda da biyu a lokaci guda. Masanin lissafin nan Bajamushe, Carl Friedrich Gauss, ya tabbatar da dalilin a 1827, shi ne kuma dalilin da ya sa babu taswirar duniya a shimfiɗe da ba ta yi wa wata ƙasa ƙari ko ragi ba. To cikin jirgin ruwa, musamman goshinsa da ƙasan ƙeyarsa, ta fuska biyu yake lanƙwasa. Tsakiyar ma ba ta barin mutum ya huta, domin jiragen wancan zamani sukan buɗe a daidai bakin ruwa, sannan su tsuke suna hawa sama, don nauyin igogi ya matso tsakiya.

Akwai manhajoji irin su Pepakura da za ka ba su siffar jirgin da ka gina a kwamfuta da manhajar Blender, su warware maka ita zuwa yankuna shimfiɗaɗɗu. Suna aiki, ba ƙarya. Abin da ban so ba shi ne yadda suke kallon jirgi a matsayin tarin ƙananan alwatika, sai ya fito da kusurwa-kusurwa a inda ya kamata ido ya zame. Manhaja ba ruwanta da inda kafinta zai yanka. Shi kuwa kafintan Rochefort matsalarsa irin tawa ce sak: falankin oak ma ta fuska ɗaya yake lanƙwasa, shi ma sai an turara shi ya yi laushi. Maganin da suka samo shi ne a ƙi rufe jirgi da faffaɗan abu, a rufe shi da sirara masu yawa, kowanne ya ɗauki ɗan rabonsa na lanƙwasar. Ban sami wata dabara da ta fi wannan ba, na kuwa nema.

Fatar farko ba don kyau ba ce. Nakan cika tsakanin haƙarƙari da guntayen kwali, musamman a goshi, in ɗiga sufa gulu a gefunan su taurare, sannan in bi da samfefa har sai siririn tsinken da na kwantar a kan haƙarƙari uku ko huɗu ya taɓa kowanne ba tare da ya bar rata ba. Wanda ya tsallake wannan, bayan ya manna fata zai ga haƙarƙarin sun fito fili kamar na ramammen doki, fenti kuma ba ya ɓoye su, ƙara tona su yake yi. Sai in rufe da yankuna a tsaye, daga haƙarƙari zuwa haƙarƙari, in cike ramuka, in sake gogewa.

Fata ta biyu ita ce falankai, ɗaya bayan ɗaya. Nakan ɗauki siririyar takarda in kwantar a kan haƙarƙarin tsakiya, daga ƙashin baya zuwa inda falankan ƙasa za su tsaya, in sa alama da fensir. A ce ta ba ni milimita 75. Idan faɗin falanki milimita 3 ne, kusan santimita 30 ke nan a jirgin gaske, layi 25 nake buƙata. In na je goshi na auna, wataƙila in sami 50 kacal, layi 25 ɗin nan kuma dole su shiga. Ke nan kowane falanki sai ya sirance zuwa milimita 2 kafin ya isa can. A ƙeya kuma akasin haka, wurin buɗewa yake yi, har sai an soka ƙarin gajeren falanki a tsakanin biyu. Kafintocin jirgi suna da ƙa'ida: bakin falanki ba ya ƙarewa da tsini, ba ya kuma sirancewa ƙasa da rabin faɗinsa, saboda tsini ba ya riƙe ƙusa, tsagewa yake yi. Idan wuri ya ƙure, sai a tsayar da falanki biyu a ci gaba da ɗaya. Takarda ba ta buƙatar ƙusa, amma na tarar bakin da ya yi tsini shi ke fara ɗagowa daga gam. Ƙa'idar ta bi ni har teburina.

Wani abin da ba a ganewa sai an gwada: falankin da yake miƙe sambal a jikin jirgi, in ka ɓamɓaro shi ka shimfiɗa, a karkace yake. Don in sami siffarsa, sai in manna salatif na takarda a gurbin da zai zauna, in bi gefen falankin da ke ƙasa da fensir mai tsini, in ɗiga alamomin faɗin da na lissafa a kan kowane haƙarƙari, in ɓare salatif ɗin a hankali in manna a kan kati in yanka. Abin da ke fitowa wani lokaci kamar kuskure ne, gantsararre, siriri a nan, faffaɗa a can. Amma da ka ɗora shi sai ya faɗa gurbinsa ba gardama. Kafin in sa gam nakan ɗora shi a tafin hannu in murza da bayan ƙaramin cokali, ya ɗan yi kwarmi. Nakan yanka biyu-biyu, na dama da na hagu, in manna su a zama ɗaya, don gam idan yana bushewa ja yake yi, in an cika gefe ɗaya sai ƙashin baya ya bi shi. Takarda kuma tana da jijiya, zarenta ta fuska ɗaya yake kwance tun daga injin da ya yi ta, in ta jiƙe ta fi kumbura a gicciye. Shi ya sa nake yanka falankai bin jijiya, kada tsawonsu ya ƙaru a hannuna. Tsawon kowanne bai wuce santimita 7 zuwa 8 ba, gaɓoɓinsu kuma ba sa haɗuwa a layi ɗaya, sai an tsallake falanki uku kafin gaɓa ta sake faɗawa kan haƙarƙari guda.

Tagogin igwa suna da tasu tarko. A gefen jirgi akwai manyan falankai masu kauri da ke ɗaure shi kamar ɗamara, suna gantsarewa sama a goshi da ƙeya. Ido yana so ya jera tagogin bin wannan gantsara. Amma igwa a kan daɓe take zaune, daɓe kuma bai kai ɗamarar gantsarewa ba, saboda haka layin tagogi da layin ɗamara ba sa tafiya tare, wajen ƙeya matsowa juna suke yi. Idan na ga samfurin da tagoginsa suka bi ɗamara daga farko har ƙarshe, na san mai shi bai auna daga daɓe ba.

Launi ba ni da dogon zance a kansa: rawaya da baƙi da shuɗi a waje, ja a ciki, kamar yadda sabon jirgin yake. Abin lura ɗaya ne, duk gefen da aska ta yanka fari yake fitowa, sai an bi shi da fenti kafin a manna. Farin layi ɗaya ya isa ya shaida wa kowa cewa takarda ce.

Igogin kuwa na ji daɗinsu fiye da yadda na zata. Tsawon igwar fam 12 ta Faransa wajen mita 2.4 ne, a wurina santimita biyu da rabi, bakinta bai fi milimita ɗaya da 'yan kai ba. Nakan yanka siririyar takarda doguwa, faffaɗa a farko tana tsukewa mataki-mataki, in naɗe ta a jikin allura ina shafa gam kaɗan-kaɗan da tsinke. Inda naɗin ya fi yawa nan ne gindi, sai igwar ta fito da kanta mai kauri a baya, siririya a gaba, matakan nan kuma su zama zobban jikinta. In zare allurar, in jiƙa da sufa gulu, in goge, in shafa baƙin fenti, in bi da garin bakin fensir a ɗan yatsa don ta yi ƙyallin ƙarfe. Waɗanda daɓen sama ya rufe ba na yi musu keke cikakke, ɗan kwali nake sa musu su zauna. Abin da ba a gani ba na ɓata masa dare.

A nan ni da masu tsattsauran ra'ayi muke rabuwa. Akwai masu cewa in dai samfurin takarda ne to kada wani abu ya shiga sai takarda da zare. Ni jigo uku na jirgina takarda ce a naɗe, amma da waya a cikinta, domin zare yana ja, takarda zalla kuma da sannu za ta rusuna. An yi wa sabon Hermione igiya fiye da kilomita 20 da gare-garen da igiya ke bi ta cikinsu wajen 1,000. A ma'aunina zare fiye da mita 200 ke nan. Mutum bai san girman sha'anin igiya a wancan zamani ba sai ya ga masaƙar igiya ta Rochefort, wadda aka fara ginawa a 1666: tsawonta mita 374, don a iya murza igiya guda mai tsawon wajen mita 200 ba tare da gaɓa ba. Igiyoyin kashi biyu ne. Masu riƙe jigo ba sa motsi, ana shafa musu kwalta saboda ruwan gishiri, su nake yi da zare mai duhu. Masu ɗaga filafilai da juya su suna gudu cikin gare-gare, launinsu ya fi haske. Kowane zare sai na ja shi a kan kakin zuma tukuna, ya kwantar da gashinsa.

Tsanin igiyar nan da matuƙa ke hawa, tsakanin mataki da mataki a wurina milimita 4 ne. Nakan ja layuka a kati in sa a bayan igiyoyin in bi. A jirgin gaske ƙulla kowane mataki ake yi, masu gina samfuri da yawa ma haka suke yi, ƙulli ɗari-ɗari. Na lissafa na ga igiyar matakin a ma'aunina ba ta fi kaurin takardar firinta ba sosai, ƙullin zaren ɗinki kuwa in ka mayar da shi girman gaske ya kai dunƙulen hannu. Don haka manna su nake yi da farin gam da aka tsinka da ruwa, in ɗan danna tsakiyar kowanne ya yi lanƙwasar igiyar da aka daɗe ana takawa. Wanda ya ga dama ya kira shi ha'inci. Ni ma'auni nake bi.

Lissafin nan ne kuma ya yanke mini hukunci a kan filafilai. An yi wa sabon jirgin ƙyalle fiye da murabba'in mita 2,000, abin sha'awa ne a teku. Amma takardar firinta ta yau da kullum santimita ɗaya ce a ma'aunina, babu ƙyallen jirgi mai wannan kauri, ga shi in an buɗe su za su rufe igogi da daɓe da rabin aikin zare. Naɗe su zan yi a jikin sandunansu kamar jirgin da ke tsaye a tasha, da takarda shara-shara da aka rina da ruwan fenti, in yanka kashi ɗaya cikin uku na tsawon kowanne, don naɗin ya fito siriri.

Abin da ya rage mini mai wuya biyu ne: tagogin ɗakin kyaftin a ƙeya, da zakin da ke goshi. Tagogin na san yadda zan yi, zare mai tauri a kan farar leda. Zakin kuwa tsayinsa 'yan santimita ne, ba shi da wuri ko ɗaya da yake shimfiɗe, falanki ba zai yi aiki a nan ba. Shirina shi ne in manna kati hawa-hawa har ya kai kaurin jikinsa, in jiƙa shi da sufa gulu ya zama kamar katako, sannan in sassaƙa da sabuwar reza, gezar kuma in yi ta da zaren auduga da aka warware.